Amsa ga mai tambaya kan gani bibbiyu bayan haɗari

'Yar'uwa, na karanta batun ƙaninki da ya faɗo daga babur makonni 3 da suka wuce, yana ganin abu bibbiyu in zai sauko daga bene, alhali hoton CT, wato hoton cikin kai da aka ɗauke shi a asibiti, ya fito lafiya. Wallahi raina ya sosu, don na san wannan ciwon. Babu abin da ya kai ƙona rai irin a ce maka "hoto bai nuna komai ba, je ka huta." Mutum na kallon matakala biyu, ɗaya bisa ɗaya, bai san wadda zai taka ba, a gida kuma ana cewa raki ne. Hoton CT jini da karayar ƙashi yake nema, jijiya siririya kamar zare ba ya kama ta.

Jijiyoyi uku ke juya ido: ta 3, ta 4 da ta 6 a jerin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Abin da kika faɗa ya fi kama da ta 4. Ita ce mafi siranta, tafiyarta cikin ƙoƙon kai kuma ta fi tsawo, shi ya sa ko bugu kaɗan yana taɓa ta. Ki lura ko yana karkata kai zuwa kafaɗa ɗaya bai sani ba. Ya rufe ido ɗaya, in bibbiyun ya ɓace, saɓanin idanun ne. Da ta 6 ce, gefe da gefe zai gani, ya tsananta in ya hangi nesa.

Amma don Allah, in fatar ido ta faɗo, baƙin tsakiyar idon ya buɗe, ga amai ko yawan barci, wannan ta 3 ce, ku tafi asibiti a daren nan, kada ku jira gari ya waye.

Likitan ido za ku gani, mai auna harara-garke. Zai kuma duba ko ƙashin ramin ido ne ya karye ya danne tsoka. Kafin nan ya rufe ido ɗaya ko a manna masa firizim, wato ɗan abin da ke karkata haske ya haɗe bibbiyun, a tabarau. Tuƙi kam ya haƙura. Kada kowa ya gaggauta muku tiyata, ana jiran wata 6 zuwa 12 sai awon saɓanin idanun ya daina canzawa, da yawa suna samun sauƙi da kansu. Ki riƙe masa hannu a benen nan. Allah Ya ba shi lafiya.