Kyamara ce ke fara tsorata ka kafin dodo ya fito

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa fim ɗin tsoro ke sa gabanka faɗuwa tun kafin wani abu ya bayyana. Aikin kyamara ne, kuma galibinsa yana cikin abin da aka ɓoye maka.

Lura da lokacin da aka matso da kyamara daf da fuskar mace, har kana ganin gumi a goshinta da yadda idanunta ke rawa. Fuskar ta cika allo, ba ka ganin bayanta. Nan hankalinka zai tashi, kana jiran abin da ke tsaye inda idonka bai kai ba. A wurina wannan ya fi zubar da jini tasiri nesa ba kusa ba.

Idan aka ɗauki mugu daga ƙasa, sai ya yi tsawo kamar zai danne ka. Wanda ake farauta kuwa daga sama ake ɗaukarsa, ya zama ɗan ƙarami marar mafita. Karkatar da kyamara gefe yana nuna al'amura sun birkice, amma in aka yawaita shi yana gundura.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne kyamara ta zama idon makashi. A farkon fim ɗin Halloween na darakta John Carpenter, wanda ya fito a 1978, da idon makashin muke leƙa gida ta taga, mu shiga kicin mu ɗauki wuƙa, mu hau bene. Sai da aka cire masa abin rufe fuska muka ga ashe yaro ne ɗan shekara 6.