Goge Zai Iya Kiɗan Ayalan?

Tambaya: Malam, muna shirya daren waƙoƙin ƙasar Ayalan (Ireland) a Jos ranar 17 ga Maris, bikin Patrick, waliyyin ƙasar. Mai gogenmu zai wadatar? Daga wata malamar adabi.

Amsa: Malama, zai yi rabin aikin. Goge tsirkiya ɗaya gare shi, fidil, wato gogen Turawa da ake kiɗan Ayalan da shi, kuwa huɗu, shi ya sa kiɗan rawarsu mai sauri yake wahalar da mai goge. Ku ba shi sautukansu masu jan rai a hankali, ya saka tsakanin baitocin marubuta waƙoƙin Ayalan, Yeats da Heaney, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 1923 da 1995.

In kun samo fidil, ku kula: bushewar iskar Maris tana sassauta turakunsa, sauti ya zame. A sake ɗaure shi kafin kowane kiɗa, a shafa wa gashin bakan ƙaro kaɗan.