Injin mayen ƙarfe da janareta mara mai: akwai wutar kyauta kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre. Na haɗa wani ɗan inji da na gani a YouTube: tayar keke da na manna wa mayen ƙarfe, koyil guda, transista, da batir biyu. Ɗaya yana juya tayar, ɗayan yana karɓar caji. Da na sa mita, na ga mai karɓar cajin ya hau daga bolt 12.1 zuwa 12.9, shi kuwa mai juyawar bai sauka sosai ba. Ashe ba wutar kyauta na samu ba ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya zauna ya naɗa koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, da hannunsa har taya ta juya, ya yi abin a yaba masa. Injinka na gaskiya ne, kuma aikinsa yake yi. Sai dai bai ƙago wuta ba, wadda ke cikin batirinka ce yake sarrafawa.

Irin wannan haɗin ana danganta shi da wani Ba'amurke, John Bedini. Idan mayen ƙarfe ya gifta ta gaban koyil, sai ya tayar da 'yar wuta a cikin wayar, abin da Michael Faraday ya gano tun 1831. Wannan 'yar wutar ce ke buɗe transista, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, batir ya tura wuta cikin koyil, koyil ɗin ya zama mayen ƙarfe na ɗan lokaci, ya ingiza tayar gaba. Da transista ta rufe, ƙarfin da ya taru a koyil sai ya dawo a fusace, har ya kai ɗaruruwan bolt na ƙiftawar ido, diyod, wadda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ta kai shi batir na biyu. To wannan tsallen ne ke ruɗin mutane. Kamar mai wankin mota ne ya danne bakin tiyo da babban yatsa: ruwan zai yi nisa, amma bai fi wanda famfo ya bayar ba. Batir na farko ne ya zuba ƙarfin nan a koyil, kuma kafin ya isa na biyu, wani ya tafi a ɗumin waya, wani a ɗumin transista, wani a gogayyar boris da iska.

Shi kansa mayen ƙarfen ba rumbun wuta ba ne. Abin da ya ba tayar lokacin da yake jawo ta, shi zai karɓe lokacin da take ƙoƙarin rabuwa da shi. Ga kuma dokar Lenz ta 1834: duk wutar da ka ja daga koyil, sai ta taka wa juyin burki. Gwada da kanka. Ɗauki ƙaramin moto na batir, juya shi da yatsa, sannan ka haɗe wayoyinsa biyu ka sake juyawa. Za ka ji ya yi nauyi.

Maganar mita kuwa, a nan ne na fi so ka tsaya. Bolt ba shi ne ma'aunin abin da batir ke ɗauke da shi ba. Batirin dalma idan ya sha irin wannan bugu, yakan nuna cajin sama-sama, lamba ta hau alhali ciki bai cika ba. Ƙananan mitocin da muke saya a Sabon Gari ma ba su iya karanta wutar da ke zuwa a yanke-yanke yadda ya kamata. Don haka bar batirin ya huta na wasu awanni, sannan ka ɗora masa ƙwan sigina na mota mai wat 21, ka duba agogo ka ga tsawon lokacin da zai riƙe shi. Ko ka riƙa musanya batiran biyu, wannan ya caja wancan, wancan ya caja wannan. Za ka ga dukansu suna ƙasa har tayar ta tsaya. Ba yau aka fara wannan nema ba. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina karɓar zanen injin da aka ce zai juya har abada, saboda yawan waɗanda aka kawo babu ko ɗaya da ya yi.

Kada ka wargaza injin. Yaran shagonka za su koyi aikin transista da koyil a kansa fiye da a allo. Amma don Allah kada ka taɓa gwada shi da batirin waya na litiyam, yana iya kumbura ya kama da wuta. Kuma mayen ƙarfen nan mai ƙarfi da ake cirowa daga tsohon hard disk, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, a nisanta shi da ƙananan yara. Idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna su huda hanji.

Tambaya: Malam, ina sayar da zoɓo da ƙanƙara a Rijiyar Zaki, kuɗin fetur ya ishe ni. Wani ya tallata min janareta mara mai, ya ce da an tayar da shi da batir sau ɗaya shi ke nan. In saya?

Amsa: Hajiya, kada ki ba da ko kwabo. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an tallata wa mai neman halak ɗinta irin wannan. Abin da ke cikin akwatin, batir ne ke juya moto, moto ya juya altaneta, altaneta ta mayar wa batir caji. A ce moto ya mayar da kashi 80 na abin da ya ci, altaneta ta mayar da kashi 60 na wannan: cikin ɗari, 48 ce ta dawo, tun ba a jona firiza ba. Batirin ne kaɗai ke ba da wutar, shi ya sa masu tallar ba sa wuce 'yan mintuna suna nuna shi.

Idan ya nace, ki ce ya kawo gida, a jona masa dutsen guga mai wat 1,000, a bar shi daga Azahar zuwa Isha. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 200 duka-duka wat-awa 2,400 yake ɗauka, ba zai kai ko'ina ba.

Kuɗin nan ki tara su ki sa sola, tunda Allah ya hore wa Kano rana. Faranti mai wat 300, idan ya samu rana mai kyau ta awa biyar, zai ba da wajen wat-awa 1,500 kafin a cire asarar waya da inbata. Ki sa mai haɗawa ya karanta wat ɗin da ke rubuce a bayan firizarki kafin ya faɗi yawan faranti da batir, kuma lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar farantin, don tana rage wuta ƙwarai.