Me Ya Lanƙwasa Ruwa?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A aji an zana mana CO₂ a miƙe sambal, H₂O, wato ruwa, kuma a lanƙwashe, alhali kowannensu zarra uku ne. Da na tambayi dalili sai aka ce in haddace kawai, digiri 180 da 104.5. Ni kuwa haddar ba ta zauna mini.
— Ɗalibar SS2, daga Funtuwa

AMSA: 'Yata, gara da ba ta zauna ba, don abin lissafi ne, ba na hadda ba. Ki bar zarrorin gefe, ki sa ido a kan ta tsakiya. Elektron duk cajinsu iri ɗaya ne, saboda haka kowane gungu yana ture ɗan'uwansa, yana neman nisa iya iyawarsa. Wannan ce ƙa'idar da littafinku ya kira VSEPR, wadda masana kimiyya Gillespie da Nyholm suka daidaita a 1957.

Kabon ɗin CO₂ elektron huɗu gare shi a zagayen waje, duk ya zuba su wajen ɗaure oksijin biyu. Gungu biyu ke nan, ɗaya gabas ɗaya yamma, digiri 180. Magana ta ƙare.

Oksijin ɗin ruwa kuwa shida gare shi. Biyu sun shiga ɗauri da haidurojin, huɗu na zaune biyu-biyu ba su riƙe kowa ba. Waɗannan zaunannun ne ɗalibai ke mantawa da su, tunda ba kasafai ake zana su a allo ba. Da su gungun ya zama huɗu.

Ki sayi balan-balan huɗu, ki hura su daidai, ki ɗaure bakunansu wuri guda, ki sake. Ba za su kwanta a shimfiɗe ba: uku za su zauna ƙasa kamar duwatsun murhu, ɗaya ya haye sama. Tsakanin kowane biyu digiri 109.5 ne, siffar iskar CH₄ ke nan. To sai ki ƙara wa ɗaya iska, ki ga yadda zai matse sauran. Haka elektron zaunannu suke yi. Zarra ɗaya ce kaɗai ke jan su, don haka sun fi bajewa. Amoniya, NH₃, mai zaunannen gungu ɗaya ta sauko 107, ruwa mai biyu ya sauko 104.5. Kada dai ki mai da ragin nan doka, don H₂S, mai zaunannun gungu biyu kamar ruwa, ya faɗo har wajen 92.

Oksijin ya fi haidurojin jan elektron, lanƙwasar kuma ta hana jan ya kashe juna, sai gefen oksijin ya fi gefen haidurojin yawan elektron, shi ya sa ruwa ke narkar da gishiri. A CO₂ jan gabas da na yamma sun kashe juna.

In WAEC ta tambaye ki siffa, ki ƙirga gungu duka, amma sunan siffar daga inda zarrori suka tsaya kaɗai za ki ɗauko shi.