Amsa: Tulu ya girmi kwalba nesa ba kusa ba

Malam, ka tambaya tsakanin tulu da kwalba wanne ya girmi wani. Ai an yi dubban shekaru ana ginin tukwane da yumɓu kafin a iya hura gilashi a ƙasar Sham, wajen ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mu a ƙauyenmu wajen Ringim har gobe randa muke so. Jikinta na tsattsafo, iska ta busar, ruwan ya yi sanyi. Kwalba kuwa ba ta numfashi. Randar Inna tana gindin darbejiya bisa jiƙaƙƙen yashi, moɗa kife a kan faifai. Wannan dabarar sanyayawa ce wani malami, Mohammed Bah Abba, ya bi a nan Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, ya samu kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000.

Kwalba dai mun bar wa turare da zuma.