Amsa ga mai tsoron faɗuwa wajen koyon alkafura

Ƙanena, ka ce tun da ka ga masu zamiya a kan dusar ƙanƙara suna alkafura a sama kake son gwadawa da takalmin taya a ƙauyenku kusa da Ringim, amma da ka yunƙura sai gabanka ya faɗi.

Su ma ba a kan ƙanƙara suke farawa ba. Masu wannan tsalle, wanda aka fara ba shi lambar yabo a gasar Olamfik ta hunturu a 1994, suna shafe lokacin zafi suna dirowa cikin tafkin da ake hura wa iska daga ƙasa domin ruwan ya yi laushi, kuma sai sun maimaita juyi guda ba adadi kafin mai horarwa ya ƙyale su su gwada shi a kan dusar ƙanƙara.

Saboda haka ka cire takalman, ka nemi rairayin bakin kogi, ka koyi faɗuwar ita kanta tukuna: ka kafa haɓa a ƙirji, ka mirgina ta kafaɗa. Don Allah kada ka tare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, domin haka na yi a masussuka, wuyan hannuna ya goce, na yi wata biyu ban riƙe fartanya ba. Ranar da za ka mayar da takalman, ka sa hular kwano, kuma wani babba ya tsaya kusa da kai.