Mu Hausawan Sudan da maganar tsagar fuska

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne mun bar tsaga don muna ganin ɓata fuska ce, wai muna son sajewa da Larabawa. Barin kam mun bari, yau da wuya ka ga yaro mai tsaga a garuruwanmu na nan Sudan irin su Mai Wurno ko Gadarif. Dalilin da ka kawo ne ban yarda da shi ba.

Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, ai ba masu fuska sumul suka tarar a bakin Nilu ba. 'Yan ƙasa ma suna da tasu, shulukh suke ce mata. Shaigiyawa layi uku a kwance a kowane kunci, Ja'aliyawa uku a tsaye, mawaƙansu kuma sun sha yabon mace da ita. To wa za mu ɓoye wa? Tare muka bari, da makarantu suka yawaita, malamai kuma suka yi ta wa'azi kan canza halittar Allah. Tashwihi ake kiran abin yanzu, wato ɓata fuska da Larabci.

Kakata, Allah ya jiƙanta, har ta rasu ba ta karɓi wannan suna ba. Bagobira ce, tsagarta tun daga gefen baki har kusa da kunne. A wurinta an ɓata fuska ne idan hannun wanzami ya goce layi ya karkace, ko miki ya ci ruwa ya bar tabo mai tudu, ko irin zanzanar da agana ta bar wa ƙanwarta. Tsagar da ta fita daidai kuwa ado ce, kuma shaida ce. Takan ce yaron da ya ɓace a hanyar Makka, kuncinsa ne ke mai da shi hannun dangi.

Abin da ke min ciwo, ku ma a Kano da Sakkwato kun bari, ba wanda ya ce Hausancinku ya ragu. Mu kuwa ɗanmu ya auri Balarabiya, sai mu ji daga can ana cewa jini ya ɓaci. Yayana ya yi irin wannan aure. 'Ya'yansa kisra, gurasar dawa ta Sudan, suke ci da rana, tuwo da dare, kuma a durƙushe suke gaida iyayenmu da Hausa. A kasuwa Fallata ake kiransu kamar kowannenmu, sunan da ake kiran masu asali daga Afirka ta Yamma ke nan. Da rikicin ƙabilanci ya tashi a garin Rusairis a watan Yuli na 2022, ba wanda ya tsaya duba kunci kafin ya gane gidan Bahaushe.